Farin dutsen Kalambaina: a yanka shi a yi fuskar gini, ko a ƙona shi a yi shafe?

Lawal, Daura
Assalamu alaikum malamai da iyayenmu magina. Tambaya ce a kan wani tsohon zaure na ƙasa a nan cikin garin Daura, ginin tubali da azara. Katangarsa ta gabas ruwa ya cinye ta har an fara ganin kan tubali. Masu gidan sun rabu biyu. Wasu na so a yi mata filastar siminti a huta, wasu kuma na so a ɗauko farin dutsen nan na Sakkwato da ake siminti da shi, a yanka, a jera a fuskar katangar kamar yadda suke gani a hotunan gidajen ƙasashen Larabawa. Tsawon katangar mita 10 ne, tsayinta mita 3. Shin dutsen nan yana ginuwa? In ba ya yi, ina mafita?

Malam Sada
Wa alaikumus salam Malam Lawal. Kafin a zo kan ko yana ginuwa, a fara sanin wane dutse ne, don amsar tana cikin asalinsa.

Dutsen da kake nufi shi ne dutsen farar ƙasa na Kalambaina. Sunan ƙauyen da ke gefen birnin Sakkwato a ƙaramar hukumar Wamakko aka sa masa, inda masana'antar siminti take. Shimfiɗa ɗaya ce cikin shimfiɗun wani babban kwarin ƙasa da ake kira Iwillimmidan, wanda ya haɗa Sakkwato da Kabi da Zamfara da yammacin Nijar har cikin Mali. A zamanin da masana ke kira Faliyosin, tsakanin shekaru miliyan 66 zuwa 56 da suka wuce, teku marar zurfi ne ya kwanta a wurin, yana ratsa Sahara. Ɓawon halittun ruwa da ƙasusuwansu suka riƙa taruwa a ƙasa tare da laka, har suka daskare. Shi ya sa in ka fasa shi sai ka ga katantanwa da makankari da wasu halittu masu ƙaya a cikinsa, wasu a cike ba su ko fashe ba.

Jerin shimfiɗun daga ƙasa zuwa sama shi ne Gundumi da Illo, sai Taloka, Dukamaje, Wurno, sannan Dange, sai Kalambaina, sai Gamba, Gwandu ta rufe sama. Dange da Gamba laka ce mai falle-falle, kenan dutsen yana matse ne tsakanin laka biyu. Kaurinsa a wasu rijiyoyin burtsatse ya ɗan haura mita 20, kuma ya karkata a hankali zuwa arewa maso yamma.

Abin da ya shafi tambayarka shi ne lakar nan. Ba tsantsar dutse ba ne daga sama har ƙasa. Akwai sashe mai tauri, akwai wanda za ka iya marmasa shi da yatsa, akwai jijiyoyin laka da ke ratsa tsakani. Ga mai yin siminti wannan alheri ne, don dama sai ya haɗa dutsen da laka kafin ya ƙona. Ga mai son ya yanka allo mai faɗi ya kafa a waje, ciwon kai ne.

Injiniya Kabir
A taƙaice dai dutsen ya riga ya shiga gine-ginenmu, cikin buhu yake zuwa. An kafa kamfanin simintin Arewa a Kalambaina a 1962, ya fara fitar da siminti a 1967, yanzu yana ƙarƙashin BUA. A ƙetaren iyaka kuma akwai masana'antar Malbaza a Nijar da ke cin irin wannan dutsen. Ni a ganina a yi filasta, buhu ɗaya da kwanon sarki 12 na yashi, a sa ragar waya ta riƙe. Kwana biyu an gama.

Baba Magini
Injiniya, wanga shawara ita ke kashe gidajen ƙasa. Siminti da jar ƙasa ba su zama gida ɗaya. Shekarar farko za ka ga katanga sumul kowa na yabo. Damina ta biyu sai tsaga ta fito siririya kamar gashi, ruwa ya bi ta nan ya shiga. To ƙasa ta saba in ta sha ruwa ta fitar da shi ta fuska da rana ta fito. Yanzu ka rufe mata fuska, ina zai bi? Sai ya zauna ciki yana narka tubali. Ka ƙwanƙwasa filastar da bayan yatsa ka ji tana amsawa kamar ganga, to bayanta kogo ne. Ranar da za ta zubo kau da rabin katangar za ta taho. Ragar wayar da ka ce ita ma tsatsa ke cinye ta, ƙusoshin da suka riƙe ta kuma cikin laka suke, ba su kama komai ba.

Injiniya Kabir
Baba ban musa ba in aikin ganin ido aka yi. Amma in an ƙwaƙule tsakanin tubali an bar wa filastar wurin kamawa fa?

Injiniya Binta
Ko an ƙwaƙule, Injiniya, matsalar Baba tana nan, don ba ta kamawa kaɗai ba ce. Ƙasa tana kumbura in ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe, filastar siminti kuwa ba ta bin ta. Biyun ba sa motsi tare, dole su rabu. Zan dawo kan wannan.

Bari in fara amsa wa Malam Lawal batun yanka dutsen. Ba a yanke wa dutse hukunci da sunan garinsu, a cikin rami ɗaya ma sashe ya bambanta da sashe. Gwaji ake yi, kuma ba ya buƙatar ɗakin bincike.

A samo gutsattsari biyar ko shida daga ainihin sashen da za a saya, kowanne kamar dunƙulen hannu biyu. A busar da su sosai, a tanda in akwai, in babu a shanya a rana kwanaki har nauyinsu ya daina raguwa. A auna a rubuta. A nutsa su cikin ruwa awa 48, a tsamo, a goge da ɗanyen tsumma, a sake aunawa. Bambancin nauyin a raba shi da nauyin busasshen a ninka da 100. Misali busasshe giram 2,000, jiƙaƙƙe giram 2,260, ya sha kashi 13 cikin 100 kenan. Ma'aunin Amurka na dutsen farar ƙasa na gini ya kasa shi uku: mai tauri kada ya sha fiye da kashi 3, matsakaici kashi 7.5, mai taushi kashi 12. Wanda ya haura 12 bai shiga layi ba sam. Ga katangar gabas da ruwa ke duka kai tsaye, ni ba zan yarda da abin da ya haura 7.5 ba.

Sannan a duba ruwan bokitin. In ya yi fari-fari ko an ga taɓo ya kwanta a ƙasa, dutsen yana sakin laka kenan. A maimaita jiƙawa da shanyawa sau goma, a ga ko gefuna sun fara ɓarewa. Wanda jijiyar laka ta ratsa, a nan zai rabe gida biyu da kansa.

Ko da ya ci gwajin, akwai lissafin nauyi. Allo mai kaurin santimita 5, in aka ɗauka kowace kubik mita ta dutsen, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, tana da kilo 2,000, zai ba da kilo 100 a kowace murabba'in mita. Katangarku murabba'i 30 ce, tan 3 kenan. Katangar ƙasa ba ta da abin da zai riƙe ƙugiya da wannan nauyi. Sai dai a haƙa wa dutsen harsashinsa daban, ya tsaya da ƙafarsa, wato an gina sabuwar katanga a gaban tsohuwa.

Aminu mai bulo
To amma Hajiya ai ance dalar Masar da irin dutsen nan aka yi ta, ga ta nan har yau.

Malam Sada
Haka ne Malam Aminu, dalar Giza dutsen farar ƙasa ce, kuma farar fuskar da aka yi mata daga Tura aka yanko ta a ƙetaren Nilu. Amma na Masar shimfiɗa ce mai kauri da tauri iri ɗaya, ana fitar da ƙaton dutse babu jijiya. Kuma ruwan saman da Alƙahira ke samu a shekara bai kai abin da hadari ɗaya ke zubarwa a Daura cikin Agusta ba. Iri ɗaya ne a suna, hali ya bambanta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Tumbutu. Suna da wani dutsen farar ƙasa mai taushi da suke kira alhor, suna sassaƙa shi ƙanana kamar bulo su jera a fuskar gidajen ƙasa. Lura da abu biyu: ƙanana suke yanka shi, ba allo ba, kuma daga ƙasa yake tasowa yana ɗauke da nauyin kansa, an ɗaure shi cikin katangar tun ana gini. Sannan a kusa da su yake. Mu nan sai an yi dakonsa daga Sakkwato.

Dalilin da ya sa ba mu da shi kuwa, mafi yawan jihar Katsina a kan tsohon dutsen tushe take, giranayit da danginsa, irin duwatsun Dutsin-Ma da na kudancin jihar. Wannan daga narkakken dutse ya samu, ba daga teku ba. Ta arewa, wajen Katsina da Daura, yashi da tsakuwa da laka ne suka lulluɓe shi. Tekun da ya haifar da Kalambaina bai bar mana rabonmu ba. Abin da muke da shi marmara ce da burji da giranayit, sai farar laka ta Ƙanƙara.

Lawal, Daura
Allah ya ƙara sani Malam. Farar lakar Ƙanƙara ba ita ce farar ƙasar da ake shafe da ita ba? Na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Malam Sada
A nan ake yawan ruɗewa, don Bahaushe suna ɗaya ya ba abubuwa uku. Akwai farar laka irin ta Ƙanƙara, wadda ake kira kawolin, ita daga ruɓewar giranayit take fitowa, laka ce zalla, ruwa yana wanke ta. Akwai garin dutsen farar ƙasa da aka niƙa ba a ƙona ba, wannan alli ne, ba ya kama komai sai an sa masa gam. Sai ta uku, wadda aka ƙona dutsen aka kashe shi da ruwa, ita ce ke daskarewa ta koma dutse a jikin bango.

Rarrabe su abu ne mai sauƙi. Ɗiga ruwan lemon tsami a kai. Kawolin ba za ta ce komai ba. Alli zai yi kumfa yana tsuwwa. Ƙonanniyar kuma, ka dama kaɗan a ruwa ka taɓa da kan yatsa, za ka ji santsi kamar sabulu, in ka daɗe ta ci maka fata. In kana da garin kurkur ka barbaɗa a ruwan, zai juye ja. Kada a yi gwajin da ruwan batir, ban da haɗarinsa, yana yin kumfa kaɗan ne sai ya yi wa dutsen ɓawo ya tsaya, ka ɗauka ba shi ba ne.

Haka kalmar marmara. Magina na nufin jan dutsen nan mai ramuka, masu sayar da tayil kuma na nufin mabul. Mabul shi ma dutsen farar ƙasa ne da zafi da matsi suka sauya, irin wanda ake siminti da shi a Obajana da Okpella.

Injiniya Binta
To tunda an zo nan, ga abin da nake ganin ya dace da zauren. Amfanin dutsen Kalambaina da ire-irensa ga ginin ƙasa yana cikin ƙona shi ne, amma ƙunar farar ƙasa, ba ta siminti ba.

Siminti ana kai shi digiri 1,450. Farar ƙasa kuwa wajen digiri 900 ta isa. A wannan zafin dutsen yana sakin iskar kabon da ke cikinsa: tsantsar dutse kilo 100 zai dawo kilo 56, kilo 44 sun tafi iska. Wannan kilo 56 in ya haɗu da ruwa kilo 18 sai ya tafasa da kansa ya ruguje, ya ba da kilo 74 na kasasshiyar farar ƙasa. In aka shafa ta a bango sai ta riƙa jan iskar kabon daga sarari a hankali, ta koma dutsen da ta fito. Bambancinta da siminti shi ne tana da ƙofofi ƙanana da danshi ke fita ta ciki, kuma tana da taushin da za ta ɗan bi motsin ƙasa.

Ba na ba da shawarar a gina matoya don katanga ɗaya. Sai an fasa dutsen daidai wa daida kamar dunƙulen hannu, a yi kwana uku ana ba wuta itace ba dare ba rana, kuma mun san halin da itace yake ciki a Daura. In wutar ta gaza, tsakiyar dutsen ya rage ɗanye ba ya rugujewa a ruwa. In ta yi yawa, sai ya ƙi rugujewa a ruwa da wuri, ya bari sai an yi shafe ya kumbura a ciki, bango ya riƙa fitar da ƙuraje yana fashewa. A sayi kasasshiya ta buhu, mai kilo 25, irin wadda ake sa wa ruwan famfo a matatar ruwa. A duba kada buhun ya zama tsohon ajiya da ya yi gudaji, wannan ya riga ya sha iska ya koma alli.

Lissafin katangarku. Kowace murabba'in mita a kaurin milimita 10 tana cin lita 10 na kwaɓi. Shafe biyu a murabba'i 30 lita 600 kenan. Kwaɓin kashi ɗaya na kunun farar ƙasa ne da kashi uku na yashi, kuma kunun cikin ramukan yashin yake shiga, ba ya ƙara yawa. Don haka yashi lita 600, wato duro uku, kunu duro ɗaya. Duro ɗaya na kunu mai kauri yana cin kamar buhu biyar. Tunda katangar ƙasa ba ta miƙe ba, a sayi bakwai.

Ruwa ake fara zubawa a duro, sannan a riƙa barbaɗa garin ana juyawa har ya yi kaurin kindirmo. A bar ruwa ɗan yatsa biyu a samansa, a rufe. Mafi ƙaranci kwana ɗaya, amma in ya samu mako biyu ko fiye ya fi laushi da kama cokali. Muddin ruwa na kansa ba ya lalacewa.

Yashin ya zama mai kaifi na rafi, a tankaɗe, ba lallausan yashin da iska ke tarawa ba. In ana so a tabbatar da awon, a cika bokiti mai lita 10 da busasshen yashi, a riƙa zuba ruwa da gwangwanin awo har ya taso daidai baki. Yawan ruwan da ya shiga shi ne yawan kunun da yashin ke buƙata. Yawanci lita uku da ɗan wani abu ne.

Baba Magini
Hajiya ta yi bayani, Allah ya yi albarka. Sai dai in ƙara, kafin a kai ga shafe sai an yi wa katangar magani tukuna. Inda ruwa ya ci, da ƙasa ake cikewa, ba da farar ƙasa ba. A samo jar ƙasa irin ta ginin, a kwaɓa da ciyawa ko tattaka, a bar ta ta ruɓa kwana biyu ko uku ana sake takawa. A yayyafa wa wurin ruwa, a riƙa jefa ta da ƙarfi, kauri kada ya wuce yatsa uku a rana. In rami ya yi zurfi a sa sabon tubali. Wanga kaɗai zai ci mako biyu zuwa uku.

Kuma a hau sama a duba rawanin ginin da indararo. Katanga ba ta ciwo banza. Sau da yawa indararo ne ya gajarta ko ya tsage daga gindi, ruwan soro na bin jikin bango. In ba a gyara shi ba, ko da zinariya aka shafe ta an gudu ne ba a tsira ba. Bakinsa ya fita aƙalla kamu ɗaya da rabi daga bango.

Sannan kada ku ɗauka iyayenmu ba su san shafe mai hana ruwa ba. Akwai makuba, ta ɓawon ɗorawa, ana jiƙa ta a kwaɓa da ƙasa a shafe waje, sai dai tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru. Akwai laso, wanda ya fi ta ƙarfi, da shi ake shafe soro da rawani da cikin karofi. Katsi ne, wato abin da ke kwantawa ƙasan rijiyar rini, a kwashe a shanya a ƙona a daka, a haɗa da gashin awaki na majema da ruwan dakakkiyar dafara. Da irin waɗanga dabaru aka riƙe hasumiyar Gobarau da gidan Korau da tsohuwar kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Abin da ya kashe laso shi ne karofi sun yi ƙaranci, katsi ya zama abin nema.

Malam Sada
Baba ranka ya daɗe, lason nan ɗan'uwan abin da Injiniya Binta ke faɗa ne. Rini da toka ake yinsa, tokar itace kuwa cike take da sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ƙashin bayan dutsen farar ƙasa. Da aka ƙona katsi, ƙaramar matoya aka yi. Mutanen da ba su da dutsen sai suka samo shi ta hanyar itace.

Gyara ɗaya ga maganar Injiniya Binta, ga wanda zai ƙona na Kalambaina da kansa. Saboda lakar da ke cikinsa, sashen da ya fi laka in an ƙona yana ba da farar ƙasa mai kamawa ko a cikin ruwa. Irin wannan ba a ajiye ta a duro, za a wayi gari ta daskare. Ruwa kaɗan ake yayyafa mata ta ruguje ta zama gari, a yi aiki da ita nan kusa. Ta fi ta buhu saurin kamawa da jure ruwa, sai dai ƙarfinta yana bin yawan lakar, yau daban gobe daban.

Injiniya Kabir
Na karɓi maganar filasta a kan ƙasa. Amma Hajiya kada a ɓoye wa mutane aibin farar ƙasa. Tana da nawa. Siminti cikin kwana 28 ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, ita kuwa wata da watanni tana daskarewa daga waje zuwa ciki. Leburan da ya saba da siminti zai tsinka ta da ruwa don ta yi masa sauƙi, ta bushe ta tsattsage. Me zai hana a ɗan sa siminti, ɗaya da biyu da tara?

Injiniya Binta
Ɗaya na siminti, biyu na farar ƙasa, tara na yashi kwaɓi ne mai kyau a kan bulo ko jan birki, har ma da ɗaya, ɗaya, shida. A kan tubali ban so shi ba, yana mayar da mu inda muka baro ne da rabi. Abin da ya fi muni shi ne a ɗan barbaɗa siminti kaɗan "don ƙarfi", bai isa ya ba da ƙarfin ba, ya kuma toshe ƙofofin da iska za ta shiga.

Nawar gaskiya ce, maganinta lokaci. Kada a yi aikin cikin hunturu, busasshiyar iska za ta zuƙe ruwan kafin ta kama, a shafa hannu a ga tana zuba kamar gari. Kada kuma a yi shi ana gobe ruwa zai sauka. Ƙarshen damina ya fi, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, da sauran laima a iska kuma akwai wata bakwai kafin wani ruwan.

Yadda ake shafen: a kankare abin da ya saki, a karce fuskar ƙasar da ƙusa ta yi kaushi. A yayyafa ruwa tun daren jiya, a sake da safe, ta yi sanyi amma kada ta yi taɓo. A fara shafa tsinkakken ruwan farar ƙasa da burushi. Tun bai bushe ba a jefa shafen farko, milimita 10, da gashin awaki a ciki kamar cikin tafi ɗaya a kowane kwano, a warware shi kada ya dunƙule. Kwaɓin ya yi tauri, buga shi ake yi da cebur har ya yi laushi, ba ƙara ruwa ba. In ya fara ƙarfi a karce shi gicciye. A rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara ɗan nesa da bangon, a riƙa fesa ruwa safe da yamma. Bayan kwana bakwai zuwa goma, in an danna da babban yatsa bai lotsa ba amma farce yana shiga, a yi na biyu, ya ɗan fi na farko siranta. Ƙananan tsagar da ta fito washegari a murje ta da katako tun da ɗanye.

Daga ƙarshe ruwan farar ƙasa, tsinkakke kamar madarar shanu, hannu huɗu ko biyar, kwana ɗaya tsakani. Yana jiƙe za a ga kamar ba a shafa komai ba, kada wannan ya sa a kaurara shi, mai kauri ɓarewa yake. Fentin mai ko na roba kada ya kusanci bangon.

A sa tabarau da safar hannu ta roba. In ta faɗa ido a wanke da ruwa mai yawa minti 20 ba tsayawa, a tafi asibiti.

Aminu mai bulo
Tambaya a gefe. Farin taɓon nan da masu walda ke zubarwa daga tukunyar kabayid, ance shi ma farar ƙasa ne?

Malam Sada
Shi ne. Kabayid da kansa daga ƙonanniyar farar ƙasa da gawayin kwal ake yinsa, in ya haɗu da ruwa ya saki gas, abin da ya rage kasasshiyar farar ƙasa ce. Sai dai launinta toka-toka ne, kuma akan samu gutsuren da bai gama ci ba. A zuba ta a buɗaɗɗen duro a fili nesa da wuta, a ƙara ruwa ana juyawa kwanaki har warin ya tafi, a tace da rariya. Wadda ta daɗe a juji ta bushe ba ta da amfani. Ta yi wa shafen farko, hannun ƙarshe a yi da ta buhu.

Lawal, Daura
Na gode ƙwarai iyayena. Saura abu ɗaya: masu son dutse ba za su haƙura hannu wofi ba. Akwai inda za a sa shi a zauren ba tare da ɓarna ba?

Injiniya Binta
Akwai. Daga ciki, ko a gefen ƙofa inda inuwa ta rufe, ko a dakalin zama. Sharaɗi uku. A kwantar da shi yadda yake kwance a raminsa, layukansa a gicciye. In aka tayar da shi layukan suna kallon waje, falle-falle zai riƙa ɓarewa kamar albasa. A ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa, don in kwaɓin ya fi dutsen tauri, dutsen ne zai riƙa cinyewa ya bar layin siminti a tsaye. Kada a sa rodi ko ƙusa ta baƙin ƙarfe a cikinsa, tsatsa tana kumbura ta fasa shi. A kuma gaya wa masu shara kada su wanke shi da ruwan wanke masai ko na tayil, asid ne, narkar da shi yake.

Gindin katanga kuwa kada a sa shi ko kusa. Nan ne danshi ke tasowa da gishirin kwata da fitsarin dabbobi, gishirin ya bushe cikin ƙofofin dutsen ya marmashe shi. A yi wa gindin ɗamara da giranayit ko marmara, tsayin santimita 45 zuwa 60, a gangarar da ƙasar gabanta ruwa ya riƙa gudu waje.

Baba Magini
Marmarar a sassaƙe ta tun tana sabuwar haƙa, lokacin gatari na cin ta. In ta sha iska ta yi tauri sai dai guduma. A jera ta a inuwa ta yi wata guda kafin a ɗora, kuma kan ɗamarar a yi masa gangare, kada a bar shi shimfiɗe ruwa ya samu wurin zama tsakaninta da bango.